Kyamarar Da Ke Ganin Rana Da Inuwa Tare

Duk wanda ya taɓa zama a zaure da tsakar rana ya san abin nan. Baƙo ya yi sallama, ya tsaya a bakin ƙofa, rana na bayansa. Da fari sai mu ga mutum baƙi ƙirin, sai ido ya saba kana mu gane shi. Wannan ita ce wahalar kyamarar tsaro. Mai kanti ya kafa ta da kuɗinsa, ɓarawo ya shiga da rana tsaka, aka duba hoto, ga titi ya fito sarai, fuskar kuwa duhu kawai.

Ga dalili. A cikin kyamara akwai ɗan faranti mai karɓar haske, an jera masa ƙananan gurabu miliyoyi, kamar ƙoƙuna a ƙarƙashin ruwan sama. In aka daɗe ana tara haske domin inuwa ta fito, ƙoƙunan wajen rana su cika har su zuba, wurin ya zama fari fat. In aka gaggauta, na wajen inuwa ba su sami kome ba.

Maganin ya girmi kyamarorin zamani. Tun wajen 1856 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yakan ɗauki teku dabam, sararin sama dabam, ya haɗa su hoto guda. Farantin lantarki kuwa sai a 1969 Willard Boyle da George Smith suka ƙago shi a Amurka, har aka ba su kyautar Nobel a 2009. Yanzu farantin da kansa ke yin aikin Le Gray: yana ɗauka sau biyu ko uku cikin ƙiftawar ido, ɗaya gajere ɗaya dogo, ya haɗa. Amma fa in mutum na gudu, hoton yakan fito da inuwa biyu. Saboda haka waɗansu masu ƙira suka sa babban ƙoƙo da ƙarami a kowane gurbi, su ɗauka lokaci guda. Motoci masu kyamara suna bukatar irin wannan, gama fitilar motar da ke tahowa da dare ba ta jiran kowa.

A jikin kwali za mu ga an rubuta WDR 120 dB, watau ko da haske ya ninka duhu sau miliyan, kyamarar tana ganin duka biyu. Mai 60 dB sau dubu kaɗai take iyawa. Mu lura da mai DWDR. Ita gyaran hoto kawai take yi bayan an ɗauka, abin da ya ɓace kuwa ya riga ya ɓace. A ganinmu, kafin a biya kuɗi, a sa yaro ya tsaya a bakin ƙofa da azahar, a duba ko za a gane fuskarsa.