Idan Tauraron Sadarwa Ya Tsufa

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau sama za mu nufa, nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, inda taurarin ɗan Adam na sadarwa suke jere a saitin layin ikwaita. Tambayarmu ita ce: yaya tsufa yake zo wa tauraro, kuma wa ke bin sawunsa idan ya fara tangaɗi?

(Kiɗa)

Duk abin da ke kewaya duniya a wannan nisa yana kammala zagaye ɗaya cikin awa 23 da minti 56, daidai lokacin da ita ma duniyar take juyawa sau ɗaya. Gudun tauraron ya kai kilomita 3 a kowane sakan, amma da yake tafiyarsu ta zo ɗaya, wanda ke ƙasa sai ya ga kamar an kafe shi. Shi ya sa mai haɗa dish yake saita kwanon sau ɗaya, ya ɗaure noti, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Marubucin nan na Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana amfanin wannan falaki tun 1945, sannan a 1964 tauraron Amurka Syncom 3 ya zauna a cikinsa, har ya kai wa Amurkawa hotunan gasar Olamfik ta Tokyo.

To amma wannan tsayuwar ba a banza take samuwa ba. Rana da wata suna jan tauraron, suna karkatar da hanyarsa da kusan digiri ɗaya a shekara, ya riƙa leƙa arewa yana leƙa kudu. Ita kuma duniya nauyinta bai rarrabu daidai ba, don haka takan ja shi gabas ko yamma, zuwa ɗaya daga wurare biyu: digiri 75 gabas, saman tekun Indiya, ko digiri 105 yamma. Injiniyoyi sukan shata masa ɗan fili mai faɗin 'yan gomomin kilomita, su ce nan ne iyakarka. Duk bayan mako ɗaya ko biyu sai su aika umarni daga ƙasa, ƙananan injinansa su yi feshi, ya koma tsakiya. Kowane feshi mai ne, kuma babu gidan mai a can.

(Kiɗa)

Nan ne tsufa yake shigowa. Ƙarfin fuka-fukan sola yana raguwa. Batir yana gajiya, musamman wajejen Maris da Satumba, lokacin da inuwar duniya take rufe tauraron har na minti 72 a dare. Amma sau da yawa na'urorin sadarwar suna nan garau, mai ne ke ƙarewa.

Sai masu tauraron su yi dabara. Gyaran arewa da kudu shi ke cin kaso mafi tsoka na man, fiye da kashi 90 cikin 100. Idan suka daina shi, suka ci gaba da na gabas da yamma kawai, tauraron yana iya ƙara shekaru yana aiki. Sai dai daga ranar ya daina tsayuwa wuri guda. Kullum yana hawa arewa yana gangarowa kudu, yana zana siffa mai kama da lamba 8 a sama, kuma kowace shekara zanen yana ƙara tsawo. Idan aka bar shi, karkatar takan kai digiri 15 cikin shekara 26 ko 27 kafin ta fara komawa.

Kwanon dish na gida ba ya iya bin wannan rawa, hoto sai ya zo ya ɗauke. Tsohon tauraro yakan koma hannun masu eriya mai motsi, kamar jiragen ruwa da rundunonin soja da manyan tashoshin ƙasa.

Yaya ake sanin inda yake? Tashar ƙasa tana aika masa sigina, ya dawo da ita, a auna lokacin da ta ɗauka, kusan rubu'in sakan zuwa da dawowa. Daga nan a fitar da nisansa. Idan tashoshi biyu masu tazara suka auna, aka haɗa da kusurwar da eriya ta fuskanta, kwamfuta za ta fitar da falakinsa, ta faɗi inda zai kasance gobe da jibi. Rundunar sararin samaniyar Amurka ma tana da kundin da take bai wa kowane abu lamba, tana bibiyarsa da madubin hangen nesa da rada. Amfanin wannan ya fito fili a Afrilun 2010, lokacin da Galaxy 15 ya daina jin umarni, ya kama hanya yana ratsa filayen maƙwabta alhali na'urorinsa suna kunne. Sai da wasu suka riƙa kauce masa, har Disamba da aka shawo kansa.

(Kiɗa)

Ƙa'ida ita ce, kafin man ya ƙare ƙarƙaf, a ɗaga tauraron sama da kimanin kilomita 300, zuwa falakin da ake kira maƙabarta, a zubar da ragowar man, a kashe shi. Wahalar ita ce sanin abin da ya rage a tanki, domin inda babu nauyi mai ba ya kwanciya a ƙasa balle a auna shi. Lamarin kamar na direban da allurar mansa ta mutu ne, sai dai lissafin abin da ya sha da tafiyar da ya yi. Wanda ya yi saurin ritaya ya yi asarar kuɗin watanni. Wanda ya yi jinkiri ya bar gawa tana yawo a kan hanyar jama'a.

Akwai wanda ya samu sa'a. Intelsat 901, da aka harba a 2001, mansa ya yi ƙasa, sai kamfanin Northrop Grumman ya tura masa kumbo mai suna MEV-1. Ranar 25 ga Fabrairun 2020 kumbon ya kama shi ta bututun injinsa, ya zame masa matuƙi. Ya ƙara shekara 5 yana aiki, kafin a kai shi maƙabarta a 2025.

Maganar ta shafe mu. NigComSat-1R na Nijeriya, wanda aka harba daga Xichang ta ƙasar Sin ranar 19 ga Disamban 2011, an ba shi mazauni a digiri 42.5 gabas, saitin kudancin Somaliya, da tashar kula a Abuja. Shekara 15 aka ɗebar masa a tsari. Wanda ya gabace shi, NigComSat-1, bai ma ga tsufa ba, domin an harba shi a 2007, wuta ta yanke masa a 2008. Ƙera sabon tauraro da harba shi kan ci shekaru, saboda haka duk ƙasar da ke da irin wannan kadara, shirin magaji yana fara mata ne tun tsohon yana da sauran mai.

 

(Kiɗan rufewa)