Shekara Biyar da Jelly Roll Morton Ya Ara

A watan Mayun 1938 wani makaɗi da duniya ta fara mantawa da shi ya zauna gaban piyano a zauren Coolidge, cikin Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washington. Ya sha kwat kamar mai zuwa ɗaurin aure, ga ɗan lu'ulu'un nan da ya dasa a haƙorin gaba yana walƙiya in ya buɗe baki. A gefensa Alan Lomax ne, matashi ɗan shekara 23 mai aikin adana waƙoƙin gargajiya, yana fama da na'urar yanka faifai. Makaɗin ya soma ba da labarin rayuwarsa, yatsunsa na taɓa piyano a hankali, ƙafarsa na buga daɓe tana riƙe masa kiɗa. Faifai ya cika bayan 'yan mintoci, a sa wani, ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka aka yi ta zama har aka tara magana da kiɗa na sama da awa takwas.

Jelly Roll Morton ke nan. Daga waɗannan fayafayai Lomax ya fitar da littafinsa Mister Jelly Roll a 1950, daga littafin kuma kundayen sani suka yi ta ɗiba shekara da shekaru, wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga na gabansa. Duk mai son ya gyara tarihin Morton a irin wannan kundi, ko na takarda ko na intanet irin Wikipedia, sai ya fara da sanin cewa rijiyar da kowa ya sha ruwanta guda ce, kuma mai rijiyar gwani ne wajen ƙara wa miya gishiri.

A fara da layin farko, inda ake sa suna da ranar haihuwa. Tsofaffin littattafai sun ce an haife shi a New Orleans ranar 20 ga Satumba 1885, domin haka ya faɗa. Katin rajistar shiga soja da ya cike lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nuna 1884. Sai a shekarun 1980 wani masanin tarihin kiɗa, Lawrence Gushee, ya bi rajistar majami'u da takardun ƙidaya na birnin, ya zaƙulo shaidar baftisma da ke ɗauke da 20 ga Oktoba 1890. A binciken nan ne sunan gidansu ma ya fito fili. Lomax ya rubuta La Menthe, yadda kunnensa ya jiyo masa daga bakin mai Faransancin New Orleans, alhali takardu sun nuna Ferdinand Joseph LaMothe. Shi kuwa Morton ɗin daga sunan mijin uwarsa ya samo shi, Mouton, ya murɗa shi ya koma na Ingilishi. Laƙabin Jelly Roll sunan wani kek ne da ake naɗewa, amma a bakin 'yan barikin wancan zamani kalmar batsa ce, kuma ita ya nufa.

Shekara biyar a tarihin wani ba za ta dame mu ba. Mu ma nan mun san dattawan da shekarunsu na takarda daban, na gaskiya daban, wani don makaranta, wani don kada ritaya ta cim masa da wuri. Amma na Morton ƙari ne ya yi, ba ragi ba, kuma akwai dalili. A wannan shekara ta 1938 shirin rediyo na Robert Ripley ya gabatar da W. C. Handy a matsayin wanda ya ƙago kiɗan jaz da na bulus. Morton ya ji, ransa ya ɓaci, ya zauna ya rubuta doguwar wasiƙa da mujallar DownBeat ta buga, yana cewa shi ne ya ƙirƙiro jaz a 1902. In an haife shi a 1885, yana da shekara 17 a lokacin, magana ta hau. In kuwa 1890 ne, to yaro ne da bai cika 12 ba sai ƙarshen shekarar.

Nan ne masu gyara kan kasu biyu, kuma duka biyun suna ɓata aiki. Na farko ya rubuta cewa Morton ne ya ƙirƙiro jaz, ya sa lambar madogara, ya ga ai ya kawo hujja. Hujjar tasa kuwa bakin Morton ne da kansa. Na biyu, wanda ya karanta Gushee jiya, sai ɗoki ya ɗebe shi ya cika sakin layin farko da cewa mutumin maƙaryaci ne, mai fankama, ɗan caca, har mai karatu ya kai ƙarshe bai san abin da ya sa ake da labarinsa a kundin ba. Na taɓa cin karo da rubutu irin na biyun, inda aka ba rigimar ranar haihuwa layi goma sha, aka ba kiɗansa layi uku.

Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba, don mun san kirari. In ɗan dambe ya fito fili ya ce shi ne ya ka da maza dubu, ba mai tashi ya nemi jerin sunayensu, ba kuma mai cewa ƙarya yake don haka bai iya dambe ba. Ana jin kirarin a matsayin kirari, sannan a zuba ido a ga hannu. Morton a irin wannan duniya ya tashi. Tun yana ɗan saurayi yake kaɗa piyano a gidajen karuwai na unguwar Storyville, abin da ya sa kakarsa ta kore shi daga gida da ta gano inda kuɗin ke fitowa. Ya yawata kudancin Amurka yana kiɗa, yana caca, yana wasan barkwanci a dandali, ya kai Kalifoniya. Wanda ke shiga baƙon gari ya ƙalubalanci makaɗin garin a gaban jama'a, cika baki jari ne a wurinsa. Gyaran da ya dace kalmomi ne ƙalilan: a rubuta cewa Morton ya yi iƙirarin ƙirƙiro jaz a 1902, a faɗi inda ya yi iƙirarin da abin da ya tunzura shi, a kawo ranakun haihuwar da takardar da kowace ta fito, a nuna wadda masana suka fi karɓa. Sai a ƙara cewa jaz ya tsiro ne a hannun mutane da yawa a New Orleans, cikinsu har da Buddy Bolden mai busa ƙaho wanda ko faifai ɗaya nasa babu a hannu, kuma faifan jaz na farko da aka sayar a kasuwa na ƙungiyar Original Dixieland Jass Band ne a 1917. Iyakarsa ke nan, sai a wuce.

Inda za a daɗe shi ne kiɗan, kuma a nan ne akasarin gajerun tarihi suke da rauni. Sukan jera sunayen fayafayai kamar lissafin kayan lefe, ba tare da sun gaya wa mai karatu abin da mutumin ya yi ba. Ga abin da ya yi. A 1915 aka buga Jelly Roll Blues a takardar kiɗa a Chicago, ɗaya daga cikin kiɗan jaz na farko-farko da aka taɓa bugawa, a lokacin da ake ganin wannan kiɗa ba ya rubutuwa, sai dai a ji a kwaikwaya. A 1923 da 1924 ya yanka fayafayan piyano shi kaɗai a kamfanin Gennett da ke Richmond ta jihar Indiana, a can kuma ya yi faifai tare da New Orleans Rhythm Kings, ƙungiyar Turawa, abin da ba a saba gani ba a Amurkar wancan lokaci. Sannan daga 1926 kamfanin Victor ya ɗauke shi da ƙungiyarsa Red Hot Peppers.

A saurari Black Bottom Stomp, wanda suka yanka a Chicago ranar 15 ga Satumba 1926. Mutum bakwai ne: Morton a piyano, George Mitchell a ƙaho, Kid Ory a dogon ƙahon nan da ake ja ana turawa, Omer Simeon a sarewar kalarinet, Johnny St. Cyr a banjo, sai mai babbar goge da mai ganga. Faifan garmaho na lokacin ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗan ɗoriya, saboda haka ba wurin ɓata lokaci. Duka su faɗo tare da gudu, kowa da hanyarsa amma ba mai taka wani. Can sai ƙaho ya yi kira sauran su amsa. Can sai kowa ya yi tsit a bar piyano shi kaɗai a fili, ba ganga ba komai, kamar an ɗauke rufin ɗaki. Sai a dawo, a riƙa yanke kiɗan ana bar wa mai ƙaho gurbi ya cike, daga ƙarshe a rufe da rugugin da ya fi na farko. Ba a yin haka da ka. Makaɗan da suka yi aiki da shi sun ba da labarin yadda yake tara su a yi ta gwaji, ya nuna inda kowa zai shiga da inda zai fita, amma ya bar musu wuraren da za su zuba nasu. Wannan auna rubutacce da na nan-take shi ne aikin mai tsara kiɗan jaz, kuma saboda shi ne Gunther Schuller, a littafinsa Early Jazz na 1968, ya ɗauki Morton a matsayin babban mai tsara kiɗan jaz na farko. Jimla irin wannan ita ta cancanci sakin layin farko, a jingina ta ga Schuller, ba ga mai gyara ba.

Akwai kuma abin da Morton ya bayyana wa Lomax da baki yana nunawa a piyano, cewa jaz na gaskiya sai da ɗan ɗanɗanon Sifaniya, yana nufin salon bugun nan na habanera da ya shigo New Orleans daga Kuba. A kan irin wannan, shaidarsa ta fi ta kowa, domin yana faɗa yana kaɗawa, kunne na ji. Mutum ɗaya ne, zama ɗaya, amma maganarsa kan shekarunsa tana buƙatar takarda, maganarsa kan yadda ake sarrafa hannun hagu ba ta buƙata. Mai gyara sai ya iya rarrabe waɗannan biyun.

Batun kuɗi ma bai kamata a tsallake ba, don shi ke fassara ɗacin wasiƙar 1938. Kamfanin Melrose na Chicago ne ya riƙe haƙƙin buga yawancin kiɗansa. Victor ya sallame shi a 1930 da tattalin arzikin Amurka ya rushe, salon manyan ƙungiyoyi kuma ya shigo ya mai da nasa tsohon yayi. Abin takaicin, kiɗansa King Porter Stomp, yadda makaɗi Fletcher Henderson ya sake tsara shi, na cikin abin da ya ɗaga makaɗi Benny Goodman a 1935, ana ta kaɗa shi a rediyo, shi kuwa mai shi yana riƙe da wani ɗan kulob a Washington, shi ne makaɗi shi ne mai kula da ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙungiyar ASCAP mai karɓar wa masu kiɗa ladan rediyo ba ta shigar da shi ba sai 1939. Littafin Howard Reich da William Gaines, Jelly's Blues na 2003, wanda ya dogara da wasiƙu da takardun da William Russell ya shafe rayuwarsa yana tarawa, ya nuna cewa kukan da Morton ya yi ta yi na an cuce shi yana da tushe. Wanda zai gyara tarihin yau bai da uzurin tsayawa a littafin 1950.

Wani tarkon kuma wasan kwaikwayo ne. A 1992 aka yi Jelly's Last Jam a Broadway, Gregory Hines ya fito a matsayin Morton, aka zana shi mutum mai gudun baƙar fatarsa. Gaskiya ne ya fito daga Kiriyol na New Orleans, masu jinin Afirka da na Faransa, Katolika, waɗanda da yawansu ke ganin sun ɗara sauran baƙaƙe, kuma a fayafayan Lomax ana jin yana tinƙaho da asalin Faransa. Amma abin da marubucin wasa ya sa a bakin ɗan wasa ba shaida ba ce. Wurinsa can ƙasa, a sashen yadda aka riƙa tunawa da shi, kusa da labarin cikakkun fayafayan Lomax da kamfanin Rounder ya fitar a 2005 suka ci kyautar Grammy biyu.

Ƙarshensa gajere ne. An daɓa masa wuƙa a kulob ɗin nan a 1938, a ka da ƙirji, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba. A ƙarshen 1940 ya ɗaure motocinsa biyu, ɗaya na jan ɗaya, ya ratsa Amurka cikin hunturu zuwa Los Angeles da niyyar sake kafa ƙungiya. A can ya rasu ranar 10 ga Yuli 1941, aka binne shi a maƙabartar Calvary. Kabarin ya yi shekaru ba alama kafin Anita Gonzales, tsohuwar abokiyar zamansa da ya bar wa gadonsa a wasiyya, ta sa aka kafa dutse. Shekarar haihuwar da aka sassaƙa a jikinsa 1890 ce, kusan shekara talatin kafin Gushee ya buɗe rajistar majami'a.