Gaskiya ko Jita-jita: Rick Shine da Kwaɗon Rake na Ostareliya

A 1935 aka kai wasu manyan kwaɗi kusan ɗari daga Hawai zuwa jihar Kwinsland ta Ostareliya, don su cinye ƙwaron da ke ɓata rake. Ƙwaron bai ragu ba, kwaɗin kuma suka bazu ko'ina a arewacin ƙasar da dafi a jikinsu. Tun daga nan ake cewa sun ƙarar da namun dajin ƙasar. Binciken Farfesa Rick Shine, masanin macizai da kwaɗi wanda ya daɗe a Jami'ar Sidni, ya nuna an zuzuta maganar. Ba a tabbatar da ko nau'in dabba ɗaya da kwaɗon ya shafe daga doron ƙasa ba, kuma yawancin tsuntsaye da ɓeraye ba ya yi musu illa. Ɓarnar gaskiya ce, amma kan manyan masu farauta ta faɗa: guza, kadan ruwan daɗi da wasu macizai, waɗanda ke haɗiye ƙaton kwaɗo su mutu.

Akwai kuma masu ganin tsince kwaɗin da hannu zai kawo ƙarshensu. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 30,000 a lokaci guda, don haka wannan jita-jita ce.

Wadda ta fi damuna ita ce maganar cewa rubuce-rubucen masana a kan kanta suke ƙarewa. Shine ya wallafa maƙaloli sama da dubu, kuma amfaninsu ya isa daji. A 2006 shi da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature cewa kwaɗin da ke sahun gaba sun fi dogayen ƙafafu, kuma saurin mamayarsu ya tashi daga kimanin kilomita 10 a shekara zuwa sama da 50. Daga aikinsu a Fogg Dam, kusa da birnin Darwin, aka samo wata dabara: a ba guza ƙaramin kwaɗo wanda zai sa shi ciwon ciki ba tare da ya kashe shi ba, sai ya ƙyamaci manyan idan sun iso. An gwada ta a yankin Kimbali tare da masu gadin daji 'yan asalin ƙasar, kuma guzan da aka koya wa sun fi sauran tsira. A 2016 aka ba Shine lambar yabo ta Firaminista kan kimiyya.