Wa ke ƙera haƙorin roba? Sana'ar da ba a cika tunawa da ita ba a lokacin cike fom

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, hirar gidaje a Nguru da Gashua kusan ɗaya ce: yaro yana son karatun likita, maki bai kai ba. Sai a koma aikin jinya, ko kiwon lafiyar al'umma, ko gwajin jini. Idan nan ma gurbi ya cika, a ce ya jira baɗi. Da wuya ka ji uba ya ambaci fasahar ƙera haƙori, alhali a kowace unguwa akwai dattijon da ya daina cin nama saboda turamensa sun zube, da matashin da babur ya bari da giɓi.

Mutane da yawa sun ɗauka likitan haƙori ne ke yin haƙorin roba da hannunsa. Likita yana duba baki, ya cire abin da ya lalace, ya ɗauki awon dasashi da wani ƙulli mai daskarewa cikin mintuna, sannan ya tura awon ɗakin ƙira da bayanin abin da yake so. A can ne mai wannan sana'a yake zuba farar ƙasa ta musamman a cikin awon, ya fitar da siffar bakin mutum, ya jera haƙora a kan kakin zuma, ya daidaita yadda na sama za su haɗu da na ƙasa. Bayan an gwada wa mai shi, sai a maye gurbin kakin da roba, a dafa ta, a goge ta yi santsi. Kuskure kamar kaurin farce ya isa ya hana mutum tauna, ko ya yi masa gyambo a dasashi. Zafi da bushewar iska irin namu kuwa suna ƙara wa aikin wuya, domin awon da aka ɗauka yana tsukewa idan ya sha iska. Shi ya sa samun mai ƙira kusa da likita ya fi a ɗora awo a mota zuwa Kano.

Aikin bai tsaya ga haƙorin roba ba. Su ne ke ƙera hular da ake kifa wa haƙorin da ya karye, da faranti mai waya na daidaita haƙoran yara, da marfin da ke toshe ramin ganɗa bayan tiyatar ciwon daji don mutum ya iya ci da magana. Wasu kan ƙware a idon roba da kunne da hanci. Wanda ya san irin ɓarnar da cutar noma ke yi wa fuskar yara, cutar da aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, ya san darajar wannan hannu.

Mu da ke bayan kanta a ɗakin magani muna ganin abin da rashin ƙwararru ke jawowa. Mai giɓi a Jajimaji ko wani ƙauyen Karasuwa yakan jira ranar kasuwa, mai sa haƙori ya kwaɓa hoda da ruwanta a cikin bakinsa, ya manne sabon haƙori da maƙwabtansa. Ranar farko abin sha'awa. Amma ba ya ciruwa balle a wanke, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashi, dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, lafiyayyun haƙoran gefe su soma girgiɗi. Kayan aikin kuma daga wannan baki sai wancan, hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta. Daga nan sai sayen amoxicillin da Flagyl ba bisa ƙa'ida ba, da diclofenac safe da yamma na tsawon makonni. A yankin Gashua, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana cin rayuka, wannan maganin ciwo na ƙarshe ba abin wasa ba ne.

To ina ake koyo? Tsohuwar makarantar wannan fanni ta gwamnatin tarayya an kafa ta a Legas a 1955, aka mayar da ita Inugu a 1982. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Owerri tana ba da digiri na shekara biyar. Akwai kuma hanyar difloma: ND shekara biyu, HND shekara biyu, sannan aikin sanin makama na shekara guda. Ana neman kiredit biyar a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Hukumar rajistar masu fasahar haƙori ta Najeriya, wadda aka kafa da doka a 1987, ita ke ba da lasisi, kuma wanda bai da rajistarta bai da hurumin buɗe ɗakin ƙira.

A nan iyaye suke yawan tuntuɓe. Kwasa-kwasai masu ɗauke da sunan haƙori sun fi ɗaya, kuma kowanne da hukumarsa da aikinsa. Dental Technology shi ne na ƙira. Dental Therapy na masu wanke haƙori ne da kula da dasashi. Akwai kuma na masu taimaka wa likita a gefen kujera. Kwalejojin kiwon lafiya masu zaman kansu sun yi yawa yanzu, allon talla kuma ba ya ƙin fenti. Kafin a biya ko sisi, a nemi ganin takardar amincewar NBTE da ta hukumar rajista a kan ainihin kwas ɗin, ba a kan makarantar kawai ba. A kuma shiga ɗakin koyon aiki a gani da ido. Idan ɗalibai hamsin ne a kan injin guga ɗaya, a kama hanya.

Batun abinci a sana'ar, gaskiya sai an yi haƙuri. Guraben gwamnati kaɗan ne, a manyan asibitoci irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, da asibitocin koyarwa na Kano da Maiduguri. Mai ɗakin ƙira na kansa kuma da likitoci yake ci: su ke turo aiki, kuma yawancinsu suna manyan birane. Don haka wanda ya gama zai fi amfana idan ya yi 'yan shekaru a ƙarƙashin gwani a Kano ko Abuja kafin ya dawo gida. Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa shi ne haƙorin roba, wanda aka fi nema a wajenmu, ba ya buƙatar manyan injuna; gas da ƙaramin injin guga da sola sun isa farawa. Aikin tangaran ne ke son tanda mai zafin da ya haura digiri 900 da wuta tsayayya. Manyan ɗakunan ƙira kuwa sun fara zana haƙori a kwamfuta, inji ya sassaƙa, saboda haka ɗalibi kada ya raina darasin kwamfuta.

A ganina ba kowane mai kiredit biyar ya dace ba. A dubi yarinyar da lallenta ke fita tsaf, ko yaron da ke ɗinkin hula ko gyaran waya ba ya gajiya da zama. Ido ma sai mai rarrabe launi, domin farin haƙori kala-kala ne. Ga 'ya'ya mata akwai sauƙi guda: galibi aikin rana ne, ba kwanan asibiti. Sai dai ƙurar guga da warin ruwan roba suna taɓa huhu da fata, don haka takunkumi da safar hannu da taga a buɗe wajibi ne tun daga ranar farko a makaranta.