Kalmomin Jan Ƙarfe da Zane a Harshen Hindi da Ma'anoninsu na Ingilishi: Darasi ga Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa malamin Hausa kan bi ta Ingilishi kafin ya kai ga ma'anar wata kalma ta baƙon harshe. Wannan muƙala za ta duba wasu kalmomin Hindi da suka danganci jan ƙarfe da zane a kansa, domin nuna cewa fassarar kalma da kalma ɗaya tilo kan zubar da wani sashe na ma'ana.

2.0 Sunayen Ƙarafa

A Hindi ana kiran jan ƙarfe tāmbā, wanda ya samo asali daga tāmra ta harshen Sanskrit. Duk biyun copper ake fassara su, amma kowace da muhallinta. Ta farko ita ce ta kasuwa da maƙera, ta biyu kuwa an fi cin karo da ita a harɗaɗɗun kalmomi na ilimi da tarihi. Haka kuma Hindi ya ware pītal, gamin jan ƙarfe da tutiya, daga kānsā, gaminsa da kuza. A Hausar yau kuwa, tagulla kan ɗauki nauyin dukkan ukun.

3.0 Tāmrapatra

Ma'anar wannan kalma ta zahiri ita ce ganyen jan ƙarfe, ƙamusu kuma kan ce copper plate. To amma a tarihin Indiya tana nufin takardar shaida ta sarauta, wadda ake zana kyautar ƙasa ko ta gari a kanta, a zura fallayen a zobe mai ɗauke da hatimin sarki. A shekarar 1972, lokacin cikar Indiya shekara 25 da samun 'yanci, gwamnatin Indira Gandhi ta bai wa 'yan gwagwarmayar neman mulkin kai lambar girmamawa mai wannan suna. Ita kuwa kalmar ta Ingilishi tana iya nufin farantin buga hoto ko wani salon rubutun hannu. Ashe kama da wane ba wane ba ne.

4.0 Kalmomin Zane

Kalmomi uku ne ake fassarawa da engraving. Utkīrṇan ta littafi ce, daga Sanskrit. Naqqāshī ta shigo daga Larabci ta hanyar Farisanci, kuma ta fi karkata ga zanen ado, irin na masu aikin tagulla a birnin Moradabad. Khudāī kuwa asalinta haƙa ne, don haka ta haɗa da tonon ƙasa. Ɗigo guda a ƙarƙashin harafinta na farko kan mayar da ita wata kalma dabam mai nufin allantaka, kamar dai yadda lanƙwasa ke raba baki da baƙi a rubutun Hausa.

5.0 Shawarwari

Ya kamata duk jerin kalmomin da za a sa a manhaja ya nuna asalin kalma da matakin amfaninta, tare da jimlar misali. Haka nan, kafin a tsayar da keɓaɓɓiyar kalma ta fannu, a tuntuɓi masu sana'ar da kansu. Idan aka yi sakaci da wannan, ɗalibi zai haddace tagulla a darasin Hausa, ya shiga ajin kimiyya bai san wane ƙarfe ake nufi ba.