Ko Kun Sani?

Abin da malaman nahawun Larabci suke kira habari, wato kalmar da ke cika zance game da mubtada'i, yana nan a Turanci, illa dai ba ya tsayuwa sai da fi'ili a tsakani. Bahaushe ya ce "Audu malami ne", amma Bature tilas ya ce "Audu is a teacher". A shekarar 1762 wani limamin Kirista na Ingila, Robert Lowth, ya hukunta cewa "It is I" ne daidai, alhali kuwa jama'a har yau "It is me" suke faɗa, abin da ba zai ba almajirin da ya karanta babin "kana" ta Larabci mamaki ba, domin ita ma nasabta habarinta take yi.