Kunkunniya a rufin kicin: daga ina take, kuma yaya za a rage ta?

Mata da masu sana'ar abinci a Atonsu da sauran zangunan Kumasi, ku ɗaga kai ku dubi rufin kicin ɗinku. Baƙin nan mai danƙo da ya manne a kwano da katako, wanda yake ɗiga kamar kwalta idan rana ta yi zafi, shi ne kunkunniya. Tana cin wuta. Idan ta yi kauri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da gobara, musamman a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Mafi yawanta tana taruwa ne a lokacin da ake hura wuta, ba lokacin da girki ya kankama ba. Da asuba murhu a sanyaye yake, kwano ma haka. Itace idan ya fara ɗumi yakan saki tururi da wani mai da ke cikinsa. Wuta mai ƙarfi tana ƙone man nan kafin ya tashi. Wuta mai rauni kuwa ba ta iya ƙone shi, sai ya fita a farin hayaƙi mai yaji, ya taɓa kwano mai sanyi ya daskare, kamar yadda tururi ke zama ruwa a murfin tukunya. Mai murhu da bututun hayaƙi, a cikin bututun abin yake taruwa, inda ido ba ya gani.

Ɗanyen itace ya fi komai kawo wannan, domin kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Guntayen katako da ake samu da arha a wuraren yankan katako na Kaase da Ahinsan, ko wajen kafintocin Sokoban, sau da yawa ba su bushe ba. Ku faskara su, ku jera a kan duwatsu ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Busasshe ba ya da nauyi, bakinsa a tsattsage, idan aka buga biyu sai su yi ƙara. Wanda aka yi wa fenti ko magani kada ya shiga murhu ko kaɗan.

Wajen hurawa, ku kwashe tsohuwar toka don iska ta samu hanya. Ku fara da busassun ƙirare sirara, ku bari su kama sosai kafin ku ƙara manya, ɗaya bayan ɗaya. Kada ku cusa murhu ya cika. Mun san leda da roba suna saurin kamawa a damina, amma hayaƙinsu guba ne, kuma a kan tukunyar koko da yara za su sha yake sauka. A buɗe ƙofa da taga, jariri kuma a sauke shi daga baya har hayaƙin farko ya wuce.

Duk wata, idan murhu ya huce, a kankare rufi da bututu. Kaurin milimita 3 ma ya isa a share.

Idan bututu ya kama da wuta, za ku ji yana ruri. Ku fitar da kowa, ku toshe bakin murhu da yashi idan babu haɗari, ku kira Hukumar Kashe Gobara ta Ghana a lamba 192 ko 112.